Rufin da Aimé Ya Yi Shi Kaɗai

Mijina Aimé bai iya buga ƙusa ba. Gara in faɗa tun yanzu, kada a ce daga baya na ɓata sunan mamaci. Shekara talatin da huɗu yana raba wasiƙu a garinmu, ya san sunan karen kowane gida tun daga bakin kogi har bayan tsohuwar ma'aikatar ƙarfe, amma in ka ba shi guduma to ka tanadi bandeji. Kanta ɗaya ya taɓa kafa mini a kicin, kuma har na bar gidan a karkace take.

Gidan na iyayena ne. A ɗakin sama aka haife ni, a na ƙasa uwata ta cika. Gidan dutse ne mai rufin allon dutse irin na nan yankinmu na Ardennes, kyakkyawa daga waje, amma da sanyi ya shigo sai ka rantse a titi kake kwana. Kuɗin ɗumama shi kaɗai yana cinye mana fanshon wata biyu.

To sai majalisar gari ta yanke cewa duk mai tsohon gida da ya kashe sama da yuro dubu goma a shekara guda wajen gyaran tare sanyi, za a ɗauke masa harajin gida na shekara uku. Sharaɗi biyu ne. Mai sana'a da ke da rajista shi zai kawo kaya ya yi aikin ya ba da rasit, sannan takardun su isa ofishin haraji kafin ɗaya ga Janairu. Aimé ya yanke sanarwar daga jaridar gari ya manna a jikin firiji, kullum da safe sai ya ƙwanƙwasa ta da cokali.

"Huguette, shekara uku ba haraji. Kin ji ko?"

"Na ji. Sha kofinka."

Muka ci bashin banki. Tagogi da injin ɗumama gida wani kamfani daga birni ya sa mana a watan Afrilu, dubu takwas da ɗari uku, rasit biyu tsaf da hatimi. Saura rufi. Rufi kuwa ba a ma yi shawara ba, don muna da Régis Warnier.

Régis da Aimé abokai ne tun suna aji ɗaya. Shi ya tsaya wa Aimé ranar aurenmu, shi ya riƙe 'yarmu Coralie a coci ranar baftisma. Matarsa Odile ƙawata ce ta shekara arba'in, ta san launin kowane zanin gadona. Shi kuma mai rufi ne na gaske, da mota da sunansa a jiki. In ya shigo gidanmu tun daga ƙofa yake kira, "Ina uwargida? Yau ma dankali ne, ko an tuba?" Ni kuma in ce masa wanda bai kawo cefane ba ba ya zaɓen miya.

A teburin kicin suka ƙulla, da kwalba a tsakaninsu. Dubu bakwai a hannu, ba takarda, ba kason gwamnati. Aimé zai zama ɗan miƙo kaya don kada a ɗauki lebura. In an gama, Régis zai rubuta rasit na dubu biyu kawai, daidai abin da zai haye da mu dubu goma. Suka tafa. Haka ake yi a nan. Ka bi layinmu gida gida, babu gareji ko katanga da ba ranar Asabar aka gina ta ba, tsakanin abokai. Ka ce wa amininka ya rubuta maka a takarda, ai ka zage shi ke nan.

Dandamalin ƙarfe da ake tsayawa a kai haya ake yi, kuma da tsada. Régis ya kafa shi a gaban gida, inda ake gani daga titi. A baya, wajen lambu, tsani kawai aka jingina.

Ranar Asabar sha tara ga Satumba, wajen ƙarfe uku na rana, ina feraye dankali. Na ji ƙarar allunan dutse sun tarwatse, na buɗe baki zan ce Aimé ya sake yi mana asara. Sai na ji Régis yana kiran sunansa, ba irin kiran da na sani ba. Na fita da wuƙar a hannuna. Aimé yana kwance tsakanin tsanin da kwalbatin ruwa, hularsa can cikin kabeji. Motar asibiti ta zo cikin minti ashirin, amma ba su yi gaggawar tafiya ba.

Jandarmomi biyu, 'yan sandan yankinmu, suka biyo baya. Babban ya zaunar da ni a kicin ya buɗe littafi.

"Madam Drumel, ki yi haƙuri, dole in tambaya. Mijinki aiki yake yi wa Régis Warnier?"

Régis yana tsaye a bakin ƙofa, fuskarsa ta yi fari fat. Bai roƙe ni ba. Wallahi ko ido bai ƙifta mini ba, kuma wannan ne yake cin raina har yau, don da ya roƙa da ina da wanda zan ɗora wa. Ni da kaina na san abin da zai biyo baya in na ce e: mutum ya mutu a wurin aikinka, ba ka yi masa rajista ba, ba ka kafa abin tsayawa ba. Kotu ce, rufe sana'a ce, watakila har gidan yari. Kuma a layinmu ba a taɓa amsa wa jandarma irin wannan tambaya da e ba. Uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba.

"A'a," na ce. "Rufinsa yake yi da kansa. Régis aron tsani da ƙarafa ya ba shi, yau ma leƙowa ya yi."

"Shi kaɗai yake yi?"

"Shi kaɗai."

Jandarman ya dube ni, ya dubi Régis. Shi ma ɗan yankin nan ne, na tabbata akwai garejin Asabar a gidan ubansa. Ya rubuta, ya juyo mini da littafin, na sa hannu. Régis ya faɗi daidai abin da na faɗa, shi ma ya sa hannu.

Bayan jana'iza da kwana uku Régis ya dawo ya ƙarasa rufin, kafin ruwa ya sauko. Kwana tara yana sama shi ɗaya, ba ya shigowa shan kofi, ba ya kiran uwargida. Maƙwabta suna wucewa suna kallon takalmansu. Ya yi aiki mai kyau, ban hana shi wannan ba. Da sanyi ya shigo, karon farko a rayuwata na kwana a ɗakin sama ba safa.

Coralie ta zo daga birnin Reims ranar ɗaya ga Nuwamba, ranar kai furanni maƙabarta. Ma'aikaciyar jinya ce, ba ta da lokacin zagaye-zagaye. Muna dawowa ta baje takardu a tebur.

"Mama, zauna. Fanshon Baba rabi za su riƙa ba ki. Bashin banki saura shekara uku. Harajin gida dubu ɗaya da ɗari shida da arba'in ne duk shekara. In aka ɗauke miki shi, za ki iya, da ƙyar, in kin rage nama. In ba a ɗauke ba, ba za ki iya ba. Ni ma ba ni da shi, kin san hayar da nake biya."

"Za a ɗauke. Ubanki ya gama shirya komai."

"Ina rasit ɗin rufi?"

"Yana wurin Régis."

"Ya rubuta?"

"Ke, Régis ne fa. Wanda ya riƙe ki a coci."

Ta cire gilashinta ta murza ido. "Mama, akwai ɗaki ɗaya da falo a benenmu, hawa na huɗu. Ina dai faɗa miki ne."

Na ce mata in ta sake kawo mini maganar hawa na huɗu a gidan uwata, ta kama hanyar Reims tun kafin duhu. Ta kwana dai.

Farkon Disamba na hau bas na je ofishin haraji da abin da ke hannuna. Wata mata ce a teburin, mai gajeren gashi, ba ta da laifi ko kaɗan. Ta lissafa rasit biyun ta ce saura dubu ɗaya da ɗari bakwai da ɗoriya.

"An yi rufi ma," na ce.

"Madalla, ai rufi yana shiga. Kawo rasit ɗin mai aikin, wanda ya nuna shi ya kawo kaya shi ya ɗora. In mai gida ne ya yi da hannunsa ba ya shiga, ko nawa ya kashe."

"In an makara fa?"

"Talatin da ɗaya ga wata muna tashi sha biyun rana. Ki yi ƙoƙari kada ki kai ranar."

A bas ɗin dawowa ne abin ya faɗo mini, muna daidai gadar jirgin ƙasa. Rasit ɗin da nake nema takarda ce da za ta ce Régis ne ya yi rufin nan, a watan Satumba. Kuma akwai wata takardar a ofishin jandarma, da sa hannuna, da ta ce ba shi ba ne. Takardun biyu ƙaryata juna suke yi.

Duk da haka na je gidan Régis. Yana gareji yana jera ƙarafa. Ya rame, rigar aikin ta yi masa yawa.

"Régis, maganar takardar nan."

"Na sani, Huguette. Ina sane. Bari in ga mai yi mini lissafi."

Bayan mako guda na koma. Odile ce ta buɗe, ta ce ya tafi aiki garin Givet, alhali ga motarsa a bayan gida, ina hango sunansa a jikinta. Ta ba ni kofi da kek, ta yi ta ba ni labarin gwiwarta. Na sha, na ci, na fito ina jin kunyar kaina.

Na buga wa masu aiki huɗu waya ko za a sa mini wani abu, ƙofa ko rufin ɗakin ƙasa, in cike gibin. Uku suka ce sai Fabrairu. Na huɗun ya yi dariya ya ce, "Madam, duk garin nan yanzu suka tuna da ɗaya ga Janairu." Ko da ya yarda ma, ban san da me zan biya shi ba.

Karo na uku ban ƙwanƙwasa ba. Ana jibi Kirsimeti, na tura ƙofar kicin ɗinsu na same su suna cin abincin rana.

"Ci gaba da cin abincinka," na ce. "Tambaya ɗaya ce. Za ka rubuta ko ba za ka rubuta ba?"

Ya ajiye cokali. "Huguette, zauna mana."

"Na zauna a kicin ɗina ranar da aka tambaye ni, ya isa."

"Kin san abin da takardar nan take nufi? Na tambaya. In ta shiga hannun hukuma, aka haɗa ta da waccan, na gama yawo. Shekarata sittin da uku. Ke ma ba za ki tsira ba, kin yi wa jandarma ƙarya."

"Don wa na yi?"

Ya ture farantinsa gefe.

"Na ce don wa na yi, Régis? Don kaina? Aimé da ko kanta bai iya kafawa ba, na tsaya gaban hukuma na ce shi ya kware rufin gida shi kaɗai. Gari duka ya san ƙarya ce, kowa ya yi gum saboda kai. Yanzu layi biyu nake roƙo a takarda."

"Ba wanda zai haɗa takardun nan," in ji Odile a hankali, ba ta dube ni ba. "Watakila. Amma in aka haɗa fa? Ki tausaya mana, ƙawata."

"Ƙawarki? Yau kuma?"

Régis ya rufe fuska da hannu biyu. Daga cikin hannun ya ce, "Kullum sai na gan shi. Na ce masa kada ya ɗauko allo shida, ya ɗauko huɗu. Na faɗa masa."

Na tausaya masa, kuma na ji haushin kaina da na tausaya. Na ce masa ofis yana tashi sha biyun rana ranar talatin da ɗaya, bas ɗin ƙarshe da zai kai ni yana barin dandali goma da minti goma. Na fito na bar musu ƙofa a buɗe, sanyi ya shiga.

Coralie ta zo Kirsimeti. Ta ce mu je wurin jandarma in canza magana. Na ce to, in na canza, su za su rubuta mini rasit? Za a kama Régis, a tuhume ni, Janairu ta zo ta wuce, gidan dai ya tafi, kuma ba mai sake gaishe ni a gidan burodi. Ta ce, "Wato har yanzu kare shi kike yi." Na ce ba shi nake karewa ba. Ta tambaye ni wa, na tashi na duba kaza a murhu.

Ranar talatin da ɗaya na shirya tun bakwai. Na sa rigar cocina, na jera rasit biyun da fom a jaka, na zauna ina kallon agogo. Tara ta yi. Tara da rabi. Goma saura kwata na kulle gida na nufi dandali, don na ce ko ba komai zan je in tsaya gaban matar nan.

Bas ya iso, ina sa ƙafa sai na ji ana kirana. Odile ce take gudu da gwiwar tata, gyale a karkace. Ta cusa mini ambulan a hannu, babba, fari, an manne bakinsa.

"In ji Régis. Bai runtsa ba. Ki yafe mana."

Allah sarki. Na rungume ta a bakin bas, direba yana mana hon. Na zauna na ɗora ambulan ɗin a ƙirji na yi ta kuka kamar yarinya. Ban buɗe ba. Na ji kaurinsa na ce har da takardar garanti ya haɗo, Régis ba ya rabin aiki. Duk tsawon hanya ina neman gafararsa a zuciyata, ina ce wa Aimé ka gani, abokinka bai ba ka kunya ba.

Sha ɗaya da kwata na shiga ofis. Mutum biyar ne a gabana, kowa da jakar takardunsa. Sha biyu saura minti goma aka kira lambata. Matar nan ce mai gajeren gashi, ta gane ni.

"An samu?"

"An samu," na ce, har da murmushi.

Na yage bakin ambulan ɗin a gabanta na zazzage. Kuɗi suka zubo a kan tebur, 'yan hamsin hamsin, wasu suka faɗa ta gefenta. Sai katin Kirsimeti mai hoton barewa a cikin ƙanƙara. Na buɗe katin. Babu komai a ciki sai gaisuwar da kamfani ya buga. Ko sunansa bai rubuta ba.

Matar ta ja kujerarta baya, ta ɗaga hannuwanta daga teburin.

"Madam, mene ne wannan?"

"Ba naki ba ne," na ce. "Wallahi ba naki ba ne. Na ɗauka..."

"Ki kwashe ki mayar jaka. Yanzu. Ban ga komai ba."

Na durƙusa ina tsintar kuɗi a ƙasa, mutanen da ke layi suna kallo. Wani dattijo ya taka ɗaya da takalminsa ya turo mini. Da na miƙe, ta riga ta sassauto. Ta tambaye ni ko akwai wata takarda, kowace iri, daga mai rufin. Na ce babu. Ta ce za ta karɓi fom ɗin in ina so, amma ba za ta ɓoye mini ba, dubu takwas da ɗari uku ba dubu goma ba ne. Ta ce in yi haƙuri. Sha biyu ta buga, wani ya fara sauke labulen ƙarfe.

Ɗari shida ne. Na ƙirga a tashar bas. Ba zan yi ƙarya in ce na mayar masa ba, wutar Janairu da Fabrairu na biya da su.

A watan Afrilu aka kafa allon sayar da gidan. Régis ya daina bin layinmu, yana zagayawa ta bakin kogi. Odile ta aiko da kek sau biyu, na ba karen maƙwabta. Na cire sanarwar nan daga jikin firiji, ta bar tabon murabba'i.

Waɗanda suka saya miji da mata ne matasa daga Belgium, matar da ciki. Dillali ya zagaya da su, ni ina biye kamar baƙuwa. Suka shiga ɗakin da aka haife ni, matar ta ce nan ne ɗakin jariri. Suka fita lambu, mijin ya tsaya daidai wurin, tsakanin bango da kwalbatin ruwa, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Kai, wannan rufi sabo ne fil. Wa ya yi?"

Dillalin ya riga ni. "Babu rasit, babu garanti, shi ya sa muka rage dubu biyar a farashi."

"Amma aikin gwani ne," in ji saurayin. Ya juyo gare ni. "Madam, wa ya yi miki? In wani abu ya taso mu san wanda za mu kira."

Daga inda muke tsaye ana hango bayan gidan Régis, da motar, da sunan a jikinta. Maƙwabciyata tana shanya a ƙetaren katanga, ta tsaya da riga a hannu tana jira ta ji.

"Mijina ne," na ce.

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

"Lallai yana da hannu. Zai yarda ya zo ya duba mana in an yi iska?"

Dillalin ya yi tari ya ce mu je a ga ɗakin ƙasa.